Rabin Farin Ɗankwali

Tsaye cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa Ermek ya fara ganin Aiperi, tana kafa jar tuta inda kifin forel ya binne ƙwansa cikin tsakuwa. Su biyun ɗalibai ne 'yan sa-kai, suna taya mahaifinta, Dakta Sultanbek, binciken wannan kifi da ya kusa ƙarewa a kwarin Alai.

"Malama, kin taka gidan mutane," in ji shi.

"Kai kuma aikinka kallo ne?" ta ce, haƙoranta na kaɗawa.

Tun ranar ya laƙaba mata Ƙanƙarata, kullum da shayinta a hannunsa. Kafin ka ce me, so ya kama su.

Ashe tutocin nan ɓarayi suka yi wa jagora! Wata safiya aka tarar da kifaye birjik a mace, cikinsu fal ƙwai, an sa musu wutar batir. Aiperi ta yi kuka kamar ranta zai fita.

Dakta ya bi sawun mota har ƙofar su Ermek. "Ɗan gidan ɓarayi ba zai auri 'yata ba."

Aiperi ta tura wa Ermek saƙo: "Kai ne? Faɗa min gaskiya, zuciyata ta gaji."

"Ba ni ba ne, Ƙanƙarata. Yaya Bakyt ne. Gobe zan je wurin hukuma."

Ya je kuwa, aka ɗaure Bakyt. Dakta ya sauko, amma Innar Ermek ta ce, "Ka sayar da ɗan'uwanka saboda kifi da 'yar birni? Farin ɗankwalin amarya dai ba da hannuna za ta sa shi ba."

Da bazara aka ɗaura aure, biki ba armashi. Rabin gari ya ƙi zuwa, Inna ma haka.

Da la'asar ango da amarya suka gangara maɓuɓɓugar da 'yan kifin da suka rage ke ƙyanƙyashewa. Sai ga bishiyar wurin cike da fararen ƙyallaye, alamar wuri mai alfarma, inda ba mai kuskuren jefa raga. Inna na zaune a gindinta, idanu jawur, riƙe da rabin farin ɗankwali, ɗaya rabin ta yayyaga ta ɗaura a bishiyar.

"Rabi na kifinki, rabi naki. Sunkuyo, 'yata."

Ta ɗaura mata da hannunta.

"Allah ya yi muku albarka. Ranar Juma'a ke za ki kai wa Bakyt abinci."