Takardun Kubura Masu Huji

Warin hayaki ne ya fara gaya wa Kubura abin da ya faru. Ta lalubi jakarta a bayan ƙofa, wayam! Takardun zango guda cur, waɗanda ta huda ɗigo-ɗigo da tsinken rubutun makafi har yatsunta suka yi kanta, su ne ke cin wuta a murhu... Ta durƙusa tana shafa toka mai zafi, hawaye na zuba daga idanun da ba su taɓa ganin rana ba.

Tun rasuwar iyayenta take zaune gidan Kawu Ari a Rijiyar Lemo, shi kuwa kullum yana hanyar Maiduguri da mota. Matarsa, Inna Falmata, ta ƙullace ta tun ranar da sakamako ya fito: makauniya ta zo ta uku, 'yarta Sharifa kuwa tana can ƙarshe. Ta rantse hujin nan asiri ne, da shi ake zuƙe ƙwaƙwalwar 'yarta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta bi gidajen iyayen yara da maganar, ta kai wa shugaban makarantarsu ta Sabon Gari takarda ɗaya da ta rage don shaida. Shi kuma, abin takaici, mai ilimi da shi, da ma neman hanya yake! Ya ce ai makafi suna da makarantarsu, a huta da rigima. Ya sa Litinin a zo a karɓi takardar sallama.

Kubura ta yini tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatana... kada a raba ni da ajina."

Ran Litinin Kawu Ari ya dawo, aka hallara a ofis. Shugaba ya ɗauki biro ke nan, sai malamar ajinsu, Malama Monica, ta nemi a ba yarinyar takardar nan mai huji ta taɓa. Ta kuma kira Adaugo, 'yar ajinsu wadda ke karanta wa Kubura darasi a lokacin hutun tara ita kuma tana hudawa, ta ce ta miƙa wa shugaba littafinta.

Yatsun Kubura suka hau takardar. Ta faɗi kwanan wata, sannan ta shiga karanta darasin yadda tsiro ke shan ruwa ta saiwa. Shugaba na bin littafin Adaugo da yatsa, kalma da kalma, ko ɗaya ba ta kauce ba!

Sharifa ce ta fashe da kuka, ta ce ko ɗan abin da ta ci a jarrabawa Kubura ce ta koya mata a ɓoye.

Kawu Ari ya dubi matarsa. "Falmata, karatun marainiya kika ƙona? Ki wuce gidanku, sai na neme ki."

Ta fita ba ta iya ɗaga kai ba. Shugaba ya yaga takardar sallamar, yana ta kame-kame.

A bakin aji Kubura ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta tuna da tokar. Jarrabawa saura mako biyu...

Adaugo ta ja hannunta zuwa bencinsu na gaba. "Ke, share hawayen nan, kin cika kuka. Fito da tsinkenki, daga shafin farko za mu faro."