Kwafi Na Uku

A ƙarƙashin teburinta ta fara ganinsa, yana jona wayoyin kwamfuta. Ya ɗago zai gaishe ta, kansa ya bugi katako. Ta yi dariya, shi ma ya yi. Injiniya ne da Babanta ya ɗauko ya tsare bayanan kamfaninsu na rarraba magunguna. Ita ke kula da ofis.

Cikin sati biyu ya koya mata aikin: komai a yi masa kwafi uku, ɗaya a na'urar da ba ta haɗe da intanet, kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa. Yana ce mata Shugaba, tana ce masa Malamina. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo:

"Shugaba, kin gwada dawo da fayil yau? Ni na gwada goge ki daga raina, abin ya ƙi."

Manajan kamfanin, wanda ta ƙi tayin aurensa har sau biyu, yana lura da su. Wata Litinin aka tarar bayanan kwastomomi na shekara shida sun ɓace, har da kwafin intanet. Manaja ya rantse sakacin injiniya ne. Baba ya kori injiniya a gaban ma'aikata, ya ce ko ƙofar gidansa kada ya sake takawa.

Ya turo mata: "Kada ki yi jayayya da Baba saboda ni. Allah ya san gaskiya."

Ta amsa: "Ni ma sai na san ta. Wallahi wanda ya zubar maka da mutunci sai nasa ya zube."

Ba ta yi kuka ba. Kwana uku tana gaishe da manaja da murmushi, zuciyarta na tafasa, tana bin rajistar masu shiga ma'ajiyar bayanan layi-layi. Da ta samu abin da take nema, ta yi shiru sai ranar taron ma'aikata. A gabansu take son ramuwarta.

Ranar taron ta buɗe durowa ta ɗauko na'urar da ke ɗauke da kwafi na uku ta jona, bayanai suka dawo kaf. Sannan ta haska rajistar a bango: lambar manaja, kwamfutarsa, Asabar ƙarfe huɗu.

Ta dubi manaja. "Ranka ya daɗe, karanta mana da ƙarfi."

"Sace... sace lambata aka yi."

"Har da makullin ofishinka?"

Gumi ya karyo masa. Baba ya miƙa hannu ya karɓi makullan. Ba ta ɗauke ido daga kan manaja ba har ya fice.

Da yamma Baba ya tafi gidan injiniya da ƙafarsa. "Ɗana, na zalunce ka. Turo magabatanka."

Ana saura sati biki, injiniya ya same ta tana rubuta adireshin manaja a bayan katin gayyata.

"Haba Shugaba, ki yafe masa mana."

"Zan yafe, Malamina. Bari dai katin ya isa hannunsa tukuna."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga sharrin mahassada."

Amin ɗinta ta fi ta kowa ƙarfi.