Inda Kiɗan Ke Jiran Tatay

"Ate Perlita, don Allah ki rufa min asiri! Saura sati uku bikina, ni kuwa in na tashi rawa sai ka ce agwagwa ta taka garwashi!"

Perlita ta yi dariya, ta nuna kujera ga yarinyar da ta kira ta Ate, wato yaya. Shekara tara ke nan tana koyar da rawar wals a falon gidansu da ke birnin Bacolod, babu irin ƙafar da ba ta gani ba. Wannan amaryar mai suna Jonalyn, daga shigowarta bakinta bai huta ba.

"Ina angon? Ai rawar nan ta mutum biyu ce."

"Bai ma san na zo ba, mamaki nake so in ba shi! Makaɗi ne a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa, can muka haɗu. Wata guda ke nan da saukarmu."

"Nawa ma a jirgi yake," in ji Perlita tana murmushi. "Sai Disamba zai dawo."

Ko ɗar ba ta ji ba. Rabin makaɗan garin ai a teku suke neman abinci.

Nata sunansa Efren. Shi ya buɗe mata kunne tun suna farkon soyayya. Ita a da ta ɗauka wals sai da tsofaffin kiɗan coci da na bikin manya. Shi kuwa suna cikin motar haya rediyo na tashi, sai ya kama tsintsiyar hannunta yana ɗan bugawa da yatsa.

"Saurara, masoyiyata... ɗaya, biyu, uku. Waƙar rok ce fa, duk duniya na rera ta, amma wals ce a ɓoye!"

Haka suka yi ta farautar irinsu, na pop da na rok, suna rubutawa a bayan ƙofar falon nan har suka kai arba'in da uku. Guda ɗaya suka zagaye da jan biro. Ta bikinsu ce, suka yi alkawari ba za a kaɗa wa kowa ita ba.

Sai mahaifinta, Tatay Celso, wato Baba Celso, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sau biyu ana sa rana Perlita na ɗagawa, don ba ta da wanda za ta bar wa shi. Efren bai taɓa nuna ɓacin rai ba. Shi ne ma ya zauna da jitarsa ya sake ɗaukar waƙar a hankali, ya bar ɗan shiru a duk inda ake juyi, don Tatay ya samu ya jawo ƙafarsa ta hagu in ya zo rawa da 'yarsa ranar biki. Tsohon nan kullum da safe sai ya gwada takunsa yana dafe da bango.

"Kunna mu ji waƙar taki," Perlita ta ce.

Jonalyn ta danna wayarta. Jita ta fara, ɗaya, biyu, uku.

Nan take Perlita ta gane waƙar bikinsu ce, amma ta yi ta maza. Sananniyar waƙa ce, ba gadon gidansu ba. Ta riƙe hannun amarya suka fara taku. Suna isowa juyin farko, kiɗan ya ɗauke cak, Jonalyn ta yi tuntuɓe ta taka mata ƙafa.

"Kin gani ko! Nan ne yake kayar da ni kullum! Sai ya tsaya kamar mai jiran wani. Na tambaye shi, wai salo ne..."

Perlita ta saki hannun yarinyar.

Sai ga ƙarar sanda daga ɗakin ciki, ƙwas, ƙwas. Tatay ya leƙo, fuskarsa washe, ya ma sa rigarsa a baibai don sauri.

"'Yar nan, waƙarmu nake ji! Efren ya dawo ne?"

Jonalyn ta juya a hankali. "Tatay... ina kuka san Efren?"

Kiɗan ya ci gaba da tafiya yana tsayawa. Perlita ta ɗauki wayar, ta ga hoton Efren a fuskar wayar, ya yi ƙiba ma abinsa. Ta danna kira, bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zumata, ina kika shiga tun safe?"

"Ni ce."

Sai ta jiyo kukan zakara a inda yake. Ashe teku ta fara kiwon kaji.

"Perl... wallahi na so in zo in yi miki bayani..."

"Yaushe? Bayan an yanka kek?"

"Shekara bakwai fa, Perl! Shekara bakwai ina jira! Ni ma mutum ne!"

"Ka gaji, na ji, ban ce dutse ne kai ba. Amma waƙar fa, Efren? Arba'in da biyu ne suka rage a bayan ƙofar nan! Me ya sa sai wadda ka gyara wa ƙafar ubana?"

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Ita ce... ita ce kawai na riga na ɗauka."

Wannan magana ta fi auren ƙona mata rai. Da ya ce son waƙar ne ya hana shi rabuwa da ita, da ta samu abin riƙewa. Ashe ƙyuya ce kawai. An ci amanarta, kuma ko wahalar sake kaɗa jita ba a yi ba.

Ta kashe, ta miƙa wa Jonalyn wayarta. Yarinyar kuka take kamar ranta zai fita.

"Ate, na rantse ban sani ba!"

"Na san ba ki sani ba. Je ki, ƙanwata. Amma ki tambaye shi wa kiɗan ke jira."

Da ƙofa ta rufe, Tatay ya zube a kujera, hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi.

"Ni na ja miki. Da na mutu tun wancan karon, da yanzu kina ɗakinki..."

"Tatay, kul! Kada in sake ji!" Ta share masa ido da bakin rigarta, nata hawayen kuwa sun ƙi tsayawa. "Tashi. Shekara biyu kana gwaji, ba za ta tafi a banza ba."

"Babu kiɗa, 'yar nan."

"Ina da baki."

Ta jingine sandar a bango, ta ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗarta. Ta fara ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku... ɗaya, biyu, uku...

Da suka iso juyi, sai ta yi shiru, ta tsaya cak, har ya gama jawo ƙafarsa.