Duk Zanen da Kake So, Sai Gobe

Ruwa bai ɗauke ba lokacin da Sufeto Munji ya iso kwanar da ke gangaren Ain Draham. Wata motar haya tana kwance a kwari, ƙafafu a sama. Fasinja ɗaya ce ta rasu, tsohuwa Mabruka, kuma ita ce mahaifiyar direban.

"Gudu ne, yallaɓai," in ji Saja Nabil, wanda duk haɗarin duniya a wurinsa gudu ne. "Direban yana hannunmu. Dubi tayoyin, sababbi fil, ba ruwansu."

Shi kuwa Munji ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ya gangara, ya tsuguna gaban wata taya da ta fashe. Zanenta mai zurfi ne, irin mai kan kibiya da ke kore ruwa gefe. Ya zura yatsa cikin ramin zanen, waya ta soke shi. Sabuwar taya da waya a fili? Abin bai kwanta masa ba.

A ofis ya tarar da Lutfi direba, kai a naɗe da bandeji, ko burodin da aka ba shi bai taɓa ba. 'Yan'uwansa sun aiko cewa kada su ga ƙafarsa a gidan makoki. In maganar gudu ta tabbata, ga kurkuku, ga sunan wanda ya kashe uwarsa.

"Gudu kake yi?"

"Da Inna a gaba? Yallaɓai, in na ɗan taka totur da carbi take dukana."

"Ina ka sayi tayoyin?"

"Wajen Kawu Saduƙ, bayan kasuwa. Na ce masa masu zanen laka gurnani suke yi a kwalta, na birni kuma santsi gare su in an yi ruwa. Na zaɓi mai kan kibiya. Ya ce in dawo gobe."

"Me ya sa sai gobe?"

"Haka yake yi wa kowa. Duk zanen da kake so akwai, amma sai gobe."

Munji ya sa kayan gida, ya ari tsohuwar motar surukinsa, ya nufi bayan kasuwa. Saduƙ dattijo ne mai farin gemu da zaƙin baki, irin wanda za ka ba shi ajiya ba shaida. Sai dai shagon nasa bai fi ɗakin kwana ba, tayoyin ciki kuma ba za su cika a-kori-kura ba. Ƙaurin roba na fitowa daga wani ɗaki a baya.

"An ce kai ka sayar wa Lutfi tayoyinsa," in ji Munji, yana kurɓar shayin da aka miƙo masa.

"Ni? Allah ya ji ƙan Mabruka. Yaron nan na tsallaken iyaka yake saya don araha. Na yi faɗa har bakina ya gaji."

Munji ya lura da tabon ƙuna a babban yatsan dattijon. Ya ajiye kofin shayin. Ya juya ga ƙofar motar da ta yi ƙura, ya zana wasu layuka masu lanƙwasa da yatsa.

"Irin wannan nake so. A Tunis na gan shi."

Saduƙ ya ƙura ido, ya gyaɗa kai irin na masana. "Ashe ka san taya, ɗana. Shi ake yayi yanzu. Dawo gobe."

Washegari Munji ya dawo da kakinsa, Nabil na biye. Ga tayoyi huɗu a jere, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, zanen nan ya fito raɗau.

"Wane kamfani ya yi su, Kawu?"

Saduƙ ya dubi kakin. "Na Turai ne."

"Ikon Allah. Zanen dardumar matata ne wannan. Yaushe Turawa suka shiga ɗakinta?"

Nabil ya tura ƙofar baya. Tsofaffin tayoyi ne jibge, sun suɗe kamar tafin hannu, ga wuƙar lantarki ta yankan roba, ga gwangwanin baƙin fenti.

Dattijon ya zauna a kan taya.

"Kowa zane yake kallo," ya ce a hankali. "Ba wanda ke tambayar naman da ya rage a ƙasa. Na Lutfi na ji wuƙar ta taɓa waya. Na ce ai za ta kai bazara."

Munji ya ji ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya fi son mai laifi ya yi gardama. Nabil ya sa masa ankwa, aka fita da Saduƙ ta tsakiyar kasuwa, direbobi na tsaye kowa na leƙen tayar motarsa.

Da aka buɗe wa Lutfi, bai yi murna ba.

"An kai ta?"

"Tun jiya," in ji Munji. "Tashi mu je gida. Ni zan shiga gaba, in faɗa wa 'yan'uwanka da bakina."

Lutfi ya goge ido da bayan hannu.

"Maƙabarta tukuna, yallaɓai. Ita ya kamata ta fara ji."