Warantin Da Ke Barci

"Gada ɗaya ce fa, Lamont. Gada ɗaya tak..."

Odessa ta ture farantin soyayyen tarwaɗa gefe, ko taɓawa ba ta yi ba. Suna zaune a bayan garejin da yake facin taya, a ɓangaren jihar Alabama. Kogi na gabansu, gidajen jihar Jojiya kuwa ga su can a tsallake, har rufin cocin ubanta ana hangowa.

"Na sani, Dessa. Ni ma ina da ido."

"To me zai hana? Ka shiga motata, ka gaida Baba, mu dawo tun ƙanƙarar shayinka ba ta narke ba."

"In aka tsayar da mu a hanya fa? In ɗan sanda ya leƙo ya ce kai na gefe, kawo katin shaidarka?"

"Kullum in, in, in. Da in za ka aure ni?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya kamo hannunta da nasa mai baƙin mai.

"Zumata, a nan ni mutum ne. A can kuwa suna ne a kwamfuta."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Shekaru kusan goma da suka wuce, yana saurayi mai zafin kai, Lamont ya karya wa mijin yayarsa muƙamuƙi, ranar da ya tarar da ita da kumburarren ido. Aka ba da belinsa, aka sa ranar shari'a. Tsoro ya kama shi, ya tsallake gada ya baro Jojiya bai koma ba. Alƙali ya sa hannu a waranti, takardar kamu, tana nan kuma har yau.

Sai dai waranti ma iri-iri ne. Nasa a cikin jihar Jojiya kawai yake aiki. An sha tsayar da shi a Alabama, ɗan sanda ya duba, ya buga waya tsallake, su ce ba za su ɓata mai su zo ɗaukarsa ba. A miƙo masa katinsa, a ce ya kama gabansa. Haka ya rayu, ya koyi sana'a, ya daina faɗa, ya haɗu da Odessa ranar da ƙusa ta fasa mata taya.

Ita kuwa tana da uba, kuma uban ba na wasa ba ne.

Alvin Tolbert dattijon coci ne, huhunsa ya gaji, robar iska a hanci dare da rana. Tun rasuwar matarsa Odessa ce hannunsa da ƙafarsa. Da yamma ta same shi a kujerarsa ta baranda, ƙanwarsa Earline na gefe tana ɓarar wake.

"Ina angon naki? Yau ma ruwa ya hana shi?" in ji Baba.

"Baba, ka san halin da ake ciki..."

"Abin da na sani, ni da ƙafata na je gidan su uwarki, kare ya bi ni, ban fasa ba. Namijin da ba zai zo ya dubi idona ba, in ba shi ke? A cocinmu zan riƙe hannunki in miƙa ki. Ban da sauran numfashin da zan yi ta jira, 'yata."

Tari ya turnuƙe shi. Odessa ta gyara masa robar, idonta ya kawo ruwa.

Har kicin gwaggo Earline ta biyo ta. Matar nan ba ta taɓa shiga kotu ba, amma duk unguwa ba wanda ya kai ta sanin doka a baki.

"Ke, daina kukan banza. Irin takardun nan mutuwa suke yi in sun daɗe. Ɗan maƙwabciyata haka aka yi masa. Yaron nan yana can yana gudun abin da ya ruɓe tuni."

"Da gaske, Gwaggo?"

"Zan yi miki ƙarya ne? Buga waya ki tambaya. Tambaya laifi ce?"

Ya kamata ta fara gaya wa Lamont. Amma so take ta ba shi mamaki, ta je masa da albishir, ta ga fuskarsa lokacin da za ta ce kai da gada sai ka ga dama. Washegari a hutun rana, daga ɗakin girkin makarantar da take aiki, ta nemo lambar ofishin kotu ta kira.

Muryar wata mata ce, mai taushi kamar ta uwa.

"Faɗa min sunan, 'yata... da ranar haihuwa... To, ga shi. Takardar tana nan da ranta. Waranti ba ya mutuwa sai alƙali ya kashe shi."

Odessa ta matse wayar a kunne.

"Amma ya canza, wallahi ya canza. Aure za mu yi. Babu yadda za a yi ne?"

"Ai kullum da yadda za a yi. Bari in miƙa wa ofishin mai gabatar da ƙara su duba. A ina yake zaune yanzu, ko za su so su tuntuɓe shi?"

Ta faɗa. Titi, lambar gida, har da launin ƙofa, don kada a yi ɓatan kai. Ƙaramin gida ne da maigidansa na gareji ya kama musu da sunan kansa, Lamont bai fi mako biyu da tarewa ba, yana ta fenti yana jiran amarya. Ta ajiye wayar tana godiya. Ita dai ta ɗauka ta roƙa masa sassauci ne.

Ba ta gaya masa ba. Me za ta ce? Babu albishir, sai ta bar maganar a cikinta.

Kwanaki suka shuɗe, jikin Baba ya ƙara yin ƙasa. Wata Asabar da safe tana aske masa gemu ya riƙe mata hannu.

"Kina ramewa, Odessa."

"Aiki ne, Baba."

"Ƙarya kike, taurin kaina ne. Jiya na kwana ina tunani. Yaron nan don 'yar'uwarsa ya yi abin da ya yi. Da ni ne, da muƙamuƙi biyu zan karya." Ya ja numfashi da ƙyar. "Coci coci ne. Ku nemi fasto a can. Ku sa ni a mota da tukunyar iskata, ni zan tsallaka."

Ta rungume shi, kumfar sabulu duk a kumatunta. Ko takalmin kirki ba ta tsaya sakawa ba, ta figi mota tana dariya tana kuka a kan gada.

Tun daga kan kwana ta hango motocin 'yan sanda. Biyu, a ƙofar gidan. An fito da Lamont da rigar fenti, hannuwa a baya, yana yi musu bayani cikin natsuwa kamar yadda ya saba.

"Ranka ya daɗe, ka buga musu waya. Ba sa zuwa. Ka tambaye su, ba su taɓa zuwa ba."

"Su suka aiko mu, ɗan'uwa. An faɗaɗa takardar, yanzu har jihohin maƙwabta. Sunkuyar da kanka."

"Lamont!"

Ya juyo, ya ma yi mata murmushi.

"Kuskure ne, zumata. Rufe gwangwanin fentin nan kada ya bushe."

Sai ranar Talata aka bar ta ta gan shi. Gilashi a tsakaninsu, waya a hannun kowa. Rigar gidan yarin ta yi masa yawa, idanunsa sun faɗa.

"Na sa hannu na yarda a mayar da ni Jojiya, jibi za su zo su tafi da ni. Lauya ya ce da wuya a ba ni beli, tunda na taɓa gudu. Wai zan iya shan shekaru."

"Zan jira ka. Ko nawa ne..."

"Baba fa?"

"Ya yarda, Lamont. Ya ce shi zai tsallako. Abin da na zo gaya maka ke nan ranar."

Ya rufe ido, ya jingina goshi da gilashin.

"Ikon Allah. Tsohon nan..." Ya share hanci da bayan hannu. "Kin san abin da ke hana ni barci? Lauya ya ce takardar tana can ƙasan tari, ba mai tunawa da ita. Sai wata mata ta buga waya ta tashe ta. Na ce ko uwar mijin yayata ce, har yau ba ta huce ba."

Ya gyara riƙon wayar, ya ci gaba.

"Amma ta ina za ta san gidan? Ba da sunana aka kama ba. Ko Mama ban kai ta ba tukuna, cewa na yi sai na gama fenti. Daga maigidana sai ni, sai..."

Ya tsaya.

Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, kallonta kawai yake yi kamar yau ya fara ganinta.

"Dessa?"

"So nake ka tsallaka... Gwaggo ta ce takardar ta mutu, na ce bari in tambaya, matar ta ce za su taimaka... Don kai na yi, Lamont, don mu..."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗora wayar a mazauninta da hannu biyu, a nutse, ya miƙe ya ƙwanƙwasa wa gandiroba ƙofa, alhali lokacinsu bai ko kai rabi ba.

Odessa ta ci gaba da magana a cikin wayar, tana kiran sunansa, tana ba shi haƙuri, har matar da ke bayanta a layi ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yar'uwa, ya tafi. Ba ni kujerar."