Jan Layi a Wayar Yaya

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, sau uku ina yaga takardar nan. Ga shi dai yadda ya zo.

Khaulat ta gaji da bayani. Kwana huɗu tana faɗa wa mahaifinta, Alhaji Dodo, magana ɗaya, shi kuwa yana nuna mata jan layi da lamba 82 a wayar yayanta.

Yayan nata, Zahradeen, shi ya jawo komai. Da ya zo hutu daga Faransa ya taho da ƴan kwalabe, ya sa kowa a gidan ya tofa yawu, har da Safiyanu, direban kamyon, babbar motar da ke ɗauko kaya daga Kotonu, wanda saura wata biyu a ɗaura masa aure da Khaulat. Wai za a duba cututtukan gado. Sakamako ya ba Safiyanu maki 82 na ciwon sukari.

Alhaji ya ɗauki abin kamar gwajin sikila na kafin aure: in bai dace ba, a fasa. Ya binne ƴar ƙanwarsa saboda sikila, ya ce ba zai sake ba. Khaulat, da ke karatun jinya a Dosso, ta ce wannan daban ne. Ƙananan alamu dubbai aka tara aka yi hasashe, yawanci ma da jinin Turawa aka gina ma'aunin. Ba a ce yana da ciwon ba, ba a ce dole ya kamu ba.

"Ja dai ja ne, ƴata."

Safiyanu ya kira ta daga layin dwan, wato kwastan, a bakin gada. "Rabin raina, in yawun ne bai yi musu ba, sai in tofa wani..." Ba ta yi dariya ba.

Ran Juma'a Alhaji ya sa a ɗaure goron tambaya, a mayar wa dangin Safiyanu a Tanda. Khaulat ta tare Zahradeen a tsakar gida.

"Yaya, kowa ya tofa. Ina na Baba?"

Ya sosa ƙeya, ya ce caji ya kusa ƙarewa. Ta fizge wayar. Casa'in da huɗu, ja wur.

Mahaifiyarsu, Hajiya Fatuma, ta aje ludayi. "Ashe shekara arba'in da jan layi nake zaune, Alhaji? A nemo mini mota in koma Bengou."

Alhaji, mai shekara saba'in da har yanzu keke ke kai shi gonar shinkafa, ya daɗe yana kallon lambar.

"Wannan na'ura ba ta san ni ba."

"Shi ma ba ta san shi ba, Baba."

Alhaji ya ɗauke ido daga wayar. Can ya ce a kwance goron, amma a gaya wa yaron ya rage sukari a shayi. Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauke gwangwanin sukarin da ke gabansa, musu ya kaure. Khaulat ta ɗauki wayarta, ta riƙe takalmanta a hannu, ta sulale zaure don ta kira Safiyanu, ba wanda ya waiwayo.