Ɗakin da Uwaisu Ke Kullewa

A motar Batsari zuwa Katsina Uwaisu ya fara ganin Naja'atu, 'yar Runka, kuma kafin su sauka ya karɓi lambarta. Shi malamin firamare ne, ita tana digiri na biyu, tana rainon ƙwayoyin asalin ƙwaƙwalwa a ɗakin bincike. Bai fahimci aikin ba, amma ya yi ta gyaɗa kai kamar gwani.

Wata rana ta turo masa saƙo:

"Sanyin idona, yau ƙwayoyina sun yi kyau. Furotin ɗin da nake bi, APP, yana sarrafa ƙananan saƙonnin maikro-RNA, su kuma su sa ƙwaya ta ci gaba da hayayyafa ko ta zama ta jijiya. Ɓarɓashinsa ne kuma ke taruwa a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu ciwon mantuwa."

Nan take tunanin Uwaisu ya koma gida. Mahaifinsa, Malam Mati, ya daina gane mutane, har yakan ɓata a kasuwa. In baƙi za su zo, sai Uwaisu ya sa wa ɗakin tsohon kwaɗo. Naja'atu ma ce mata ya yi tsohon yana ƙauyen Darini wajen gona.

Kamalu, wani manemin nata, ya kai wa mahaifinta, Alhaji Mani, labarin wai akwai hauka a gidan su Uwaisu. Alhaji ya ce a bar maganar aurenta da Uwaisu.

Naja'atu ta zo Batsari da yayarta ba sanarwa. Suna tsakar gida suka ji ana buga ƙofa daga ciki. Kunya ta kama Uwaisu, ya ɗauko makulli ya buɗe. Naja'atu ta durƙusa ta gaida tsohon, ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ta amsa.

"Ciwon Baba bai ba ni kunya ba," ta ce a hankali. "Kwaɗon nan ne."

A ranar ya cire shi. Ita kuma ta yi wa mahaifinta bayani cewa ciwon tsufa ne, ba hauka ba, kuma ba ta da maganinsa. Alhaji ya zo da kansa, ya wuni da tsohon, ya amince.

Ranar ɗaurin aure Uwaisu ya zaunar da Malam Mati a sahun gaba. Bayan an shafa fatiha, tsohon ya riƙe hannunsa.

"Yaro, kai ɗan wa ne?"

"Naka ne, Baba," ya ce, yadda kowa zai ji.

"To, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu riƙe ku."

"Amin," in ji Uwaisu.